Gwajin da Bai Ga Manoman Argungu Ba

Ba a daɗe da ba mu jiha ba aka kawo kwamfuta ofishinmu na ayyukan noma a Birnin Kebbi. Aka ba ta ɗaki mai sanyi, mu kuwa muna zufa a baranda. Mu biyu muke rubuta mata umarni, ni da wani ɗan unguwar Badariya da ya yi kwas a Kaduna, ya dawo yana ganin kowa baƙauye ne.

A shekarar nan za a raba wa manoman rani injinan ban-ruwa, kowace ƙaramar hukuma ta aiko da sunayen manomanta a faifan kwamfuta. Kawuna na Argungu yana cikin waɗanda aka rubuta. Har ya ƙara faɗin gonar albasarsa a fadama, alhali ya san jigo ba zai iya shayar da ita duka ba, don dai an ce masa inji yana tafe.

Abokin aikin nawa shi ya rubuta gwajin da zai duba sunayen kafin rabo. Gwajin yakan ɗauki manomi, ya ga yana da suna da ƙauye, ya wuce na gaba. In bai sami mai kuskure ba sai ya rubuta "daidai". Ranar da ya nuna wa Darakta, na lura kowace ƙaramar hukuma sai kwamfutar ta ɗan yi gurnani kafin ta amsa, amma ta Argungu kafin ka ƙifta ido ta ce daidai.

Da Darakta ya fita na ce masa gwajin nan gurgu ne. Kamar a ba ka kwando ne a ce ka nemo ruɓaɓɓiyar albasa, ba komai a cikinsa, ka dawo kana murna ba ka sami ko ɗaya ba. Na ce ya fara da tambaya biyu: sunayen sun iso ma kuwa? In sun iso, akwai ko mutum ɗaya a ciki?

Ya dube ni sheƙeƙe. "Malam, mi kaka nema? Inji ya ce daidai, Darakta ya ce madalla. Kai ka hi su sani?"

Haka ofishinmu yake. Abin da Darakta ya riga ya sa wa albarka ba a sake taɓa shi, ko da gyaran layi biyu ne. Na bi mataimakinsa har mota, ya ce kada in kawo hassada cikin aikin gwamnati. Hassada! Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba don haushi.

Faifan Argungu kuwa wayam ya zo, ba a gane ba sai da injinan suka ƙare. Gwanin namu ya ce laifin masu aikowa ne, shi gwajinsa bai taɓa faɗuwa ba. Wannan kam gaskiya ne, ta ina zai faɗi?

Na je Argungu na iske Kawu a bakin jigo, dattijo yana jan guga da rana tsaka, rabin gonar ya bushe ƙamas. Na yi ta kame-kame ina masa bayani. Bai daina jan gugan ba.

"Ɗana," in ji shi, "in ka koma ka gaya ma injin naku muna nan."