Wayar da Inna Ta Hana Kowa Kira

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kaina, ba na jin zai iya ɗauke ranar da wani mai gyaran waya a bakin kasuwar Farin Gada ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Hajiya, ai wannan layin ya daɗe da mutuwa." Shekaru sun wuce, amma har yau maganar tana kunnena.

Ni 'yar kasuwa ce, dankalin Turawa da kabeji nake sari a wajen manoma in sayar wa masu loda motocin kudu. Duk wanda ya san ni a kasuwa ya san abu biyu: ba na cin haƙƙin kowa, kuma ba na barin ko-ta-kwana. Zuciya ce da ni, irin wadda take tashi kafin mutum ya gama magana. A lokacin ina ganin hakan jarumta ce, har alfahari nake yi.

Mahaifiyarmu, Inna, a gidana take zaune a Rikkos tun bayan rasuwar Baba. Mu biyu ta haifa, ni ta fari sai ƙanena, autanta. Shi kuwa auta ya bi abokansa haƙar zinariya can cikin sahara, gaba da Nijar. Inda suke babu sabis, shi ma ba ya riƙe waya. Sai in sun sauko wani gari sayen abinci, ya ari wayar wani direba ko mai shago ya kira. Wani lokaci bayan wata biyu, wani lokaci har wata biyar shiru. Kuma lamba ɗaya tak ya haddace a duniya, ta Inna. Kafin ya tafi na yi ta fama da shi ya haddace tawa, ya ce kansa ba ya ɗaukar lamba biyu.

Saboda haka Inna ta kafa doka a kan wayarta, wata 'yar ƙarama mai maɓallai. Ba ta kiran kowa da ita, kuma ba ta yarda kowa ya kira ta ba. "Kada ku tare min layi," in ji ta, "yaron nan wayar aro yake yi. In ya ji ana magana ba zai samu ya sake ba." 'Yan uwa na nesa da na kusa duk sun sani, mai son gaishe da Inna ni zai kira in miƙa mata. Ta ɗinka wa wayar 'yar jaka tana rataye ta a wuya, ƙarƙashin riga. Da kanta take sa ta a caji kowace safiya, ta zauna kusa da ita har ta cika. Jikokinta ko taɓawa ba sa yi.

Ni kuma tun da daɗewa na shiga wani tsari na kamfanin waya, irin wanda ake haɗa layukan gida ƙarƙashin sunan mutum ɗaya, a biya a wata, a yi ta kiran juna ba iyaka. Da nawa, da na maigidana, da na rumfa. Ranar da na shiga, da yake akwai sauran gurbi, na ce a ƙara da na Inna don kada a taɓa rufe shi saboda rashin sa kati. Dabara ce mai kyau. Sai dai na yi ta na manta, kamar yadda mutum yake ajiye allura a wuri mai kyau ya kasa tuna inda ya sa.

Ana nan wata safiya ina tsakiyar rigima da masu lodi, sai ga saƙo daga kamfanin. Wai daga wata mai zuwa sun canza sharuɗɗa. Kiran da ba shi da iyaka yanzu ya sami iyaka, kuma duk wanda ya yi shiru an ɗauka ya amince, za a ɗaure shi shekara guda. Wanda bai yarda ba ya zo ofis ya soke kafin wa'adi ya cika. Na karanta sau biyu, raina ya yi mugun ɓaci. A yi yarjejeniya da mutum, sannan a tashi rana tsaka a canza, a ce shirunsa amincewa ne? Ko mayafina ban gyara ba na tari keke.

A ofishin na tarar da wani ma'aikaci, Bayarabe, mutum mai haƙuri, da Hausarsa irin ta Jos. Ban bar shi ya gama gaisuwa ba na sauke masa duk abin da na ɗauko tun daga kasuwa. Na wanke shi tas, mutanen da ke layi suna gyaɗa kai, ni kuwa kaina yana ƙara girma.

Da na tsagaita ya ce, "Hajiya, ka yi haƙuri. Za ka iya soke, babu tara. Amma ka tsaya ka ji, layuka na cikin wannan tsari, in ba a raba su ba tukuna..."

"Ba na son jin komai," na ce. "Daɗin bakinku ne ya kawo mu nan. Ba ni takardar sokewa."

"Akwai wani fom, kowa zai zo da katin shaida..."

"In kwaso iyalina in kawo muku su yi layi? Ka riƙe fom ɗinka. Kamfani ba ku kaɗai ba ne a garin nan."

Ya dube ni, ya juyo da takardar ya ɗora yatsa a kan wani sakin layi. Na ture yatsan na sa hannu. Ni da na zo faɗa a kan sharuɗɗa, ko kalma ɗaya ban karanta ba. Na fito ina taƙama, na tsallaka titi na sayi sababbin layuka uku na wani kamfani: nawa, na maigida, na rumfa. Da yamma har labari na ba maƙwabta yadda na koya musu hankali.

Wata uku suka wuce auta bai kira ba, ba mu damu ba. Wata shida, Inna ta fara rage cin abinci. Azumi ya zo ya wuce, ga salla, shi da bai taɓa barin salla ta wuce bai nemi waya ko ta halin ƙaƙa ba. Ranar Inna ta ƙi fita ko ƙofar gida, ta wuni a kan tabarma da hannunta a ƙirji, a kan jakar nan. Ina kallonta tana ramewa, ina cewa, "Inna, kin san halin wurin, babu sabis ne." Ita kuwa sai ta ce, "Haka ne," ta juya fuska.

Da aka haura shekara, wata rana ta kira ni ɗakinta. Inna ba ta faɗin sunana, kunyar 'yar fari. Ta ce, "Ke wannan, ki tambayo mana malam. In mutum ya ɓace ba a ga gawarsa ba, yaushe ake yi masa sadaka?" Na yi mata faɗa, na ce ta daina kira masa mutuwa. Na fita bayan gida na yi kukana ni kaɗai, don ni ma na fara yarda.

Batir ne ya tona asirin. Wayar ta fara mutuwa da kanta, Inna ta tashi hankalinta, ta yarda da ƙyar ta ba ni in kai gyara, bisa sharaɗin in dawo da ita kafin azahar. Mai gyaran ya sa sabon batir, ya kunna, ya ɗan jira, ya cire layin ya goge ya mayar. Sannan ya faɗi maganar nan.

Na ce, "Wane irin mutuwa? Kullum tana caji."

"Caji daban, layi daban. Duba nan, ko sanda ɗaya ta sabis babu. An rufe shi daga kamfani. Ba ku taɓa kiransa ba ne?"

Ba mu taɓa ba. Wa zai kira? Inna ba ta karatun boko, idonta ma ya yi rauni, ita dai in ta danna ta ga haske, waya lafiya lau. A tsaye nake, sai ga yatsan Bayaraben nan a idona, a kan takarda, da hannuna yana ture shi. Layuka huɗu ne a tsarin, ni kuma uku na saya. Ban san lokacin da na zauna a kan wani buhun albasa ba. Innalillahi kawai nake maimaitawa. Fiye da shekara uwata tana rataye da mataccen layi a wuya, kuma ni na kashe shi da hannuna.

Mai gyaran ya ce, "Gwada kira mana. Wani lokaci in layi ya daɗe a rufe sukan sayar wa wani."

Nan take na karya dokar Inna, na danna lambar. Na zaci zan ji an ce a kashe take. Sai ta shiga. Wayar Inna tana gabana a kan tebur shiru, amma a kunnena tana ringin. Wata murya ta dattijuwa ta ɗauka.

Na fara kame-kame, ina cewa lambar mahaifiyata ce a da. Ban ƙarasa ba ta katse ni. "Tsaya. Ke ce yayarsa? Mamarku tana da rai?"

Na ce tana nan.

"Mun gode Allah," in ji ta, na ji muryarta ta karye. "Kullum ina addu'a wani ya kira. Ki zo Bukuru yanzu."

Ta yi min kwatance, na tafi. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, 'yar asalin Filato, tana zaune a wani ɗan gida bayan coci. Ta ce 'yan watanni da suka wuce ta sayi sabon layi. Ba a daɗe ba wani ya kira da baƙuwar lamba, yana ɗauka ya ce, "Inna." Da ya ji ba muryar Inna ba ce sai ya tambaya, "Yaushe ta rasu?" Ashe kafin nan ya sha kira ana ce masa layin ba ya aiki. Ta rantse masa ba ta san komai ba, sabon layi ne. Ta tambaye shi unguwa, ya ce Rikkos, kafin ya yi kwatance mai wayar ya karɓe abinsa. Da ta bi lambar, wani ya ɗauka da yaren da ba ta ji.

"Da ya sake kira," in ji ta, "na ce masa, ɗana, kada ka daina. Ba zan yar da layin nan ba, wata rana mutanenka za su neme shi. Ya ba ni sunan Mamarku, na shiga Rikkos sau biyu ina tambaya. Amma kin san Rikkos, kuma kowa Inna yake ce mata."

Ta tashi ta ciro kalanda daga bango ta nuna min. Ta zagaye ranaku huɗu da jan biro, duk ranar da ya kira. Na ƙarshen bai fi sati uku ba. Na durƙusa a gabanta ina kuka kamar yarinya, tana bubbuga bayana tana cewa, "Tashi, je ki gaya mata. Kada ki ƙara mata ko awa ɗaya."

Hanyar Bukuru zuwa Rikkos ba ta taɓa yi min tsawo irin na ranar ba. La'asar ta wuce, na tarar da Inna a bakin ƙofa tana jiran wayarta. Na zube a ƙasa na faɗa mata komai, ban rage ba: saƙon, ofishin, takardar da ban karanta ba. Na sunkuyar da kai ina jiran duk abin da za ta yi min, don na cancanta.

Sai ta ce, "Sati uku da suka wuce ya yi magana?"

"Eh, Inna."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

Ta shafa jakar da ke wuyanta, babu komai a ciki. Ta ce, "Ashe waya ce ta mutu. Alhamdulillahi. Akwai sauran tuwo?" Ba ta zage ni ba, ranar ko bayanta. Wallahi da ta mare ni da na fi samun sauƙi.

Washegari Maman Bukuru ta biyo ni ofishin da katin shaidarta, muka kai Inna ita ma, aka mayar da layin da sunan Inna. Fom ɗin nan dai da na ce ya riƙe shi muka cike. Bayaraben yana nan, ya gane ni sarai, amma bai ce komai ba sai, "Sannu, Hajiya." Na ba shi haƙuri a gaban mutane, kamar yadda na ci mutuncinsa a gaban mutane.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki wayar ta yi ƙara a ƙirjin Inna muna tsintar shinkafa. Abin da suka faɗa wa juna nasu ne, ni dai na fita tsakar gida. Daga baya na ji cewa tun da ya ɗauka ta rasu ya bi wasu zuwa wani rami mai nisan gaske, inda fitowa ba ta da sauƙi. Ya yi alkawarin zai taho da zarar ya sami hanya. Sau biyu ya ƙara kira. Inna ta rasu da damina, shi kuma ya iso da kaka.

Bai taɓa ɗora min laifi ba, kuma na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Ban kuma ce kamfanin ya kyauta ba, har gobe ina ganin rashin adalci ne a canza wa mutum sharuɗɗa a ce shirunsa amincewa ne. Ina da gaskiya a ranar. Amma gaskiyar tawa ba ta hana ni zaluntar tsohuwar da ba ta san ma ana rigima ba. Abin da na koya shi ne, in rai ya ɓaci, mutum ya tsaya ya tambayi kansa wa kuma ke rataye da abin da zai tsinke, kuma ya bar mai magana ya kai ƙarshen maganarsa. Minti ɗaya mutumin nan ya roƙe ni, na hana shi.

Maman Bukuru ta ba ni kalandar, tana cikin akwatina. Duk ranar da na ji zuciyata ta fara tashi a kasuwa, jan biron nan nake tunawa. Kira huɗu ne da Inna ta zauna tana jira, ni na hana ta jin su, kuma babu ofishin da zan je a dawo mata da ko ɗaya.