Kayan Jegona a Shekarar Yunwa

Cikina na farko yana wata takwas aka maido ni gida goyon ciki. Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke tun gero yana bunni, karan ya bushe tsaye, ko na dannin gida ba a samu ba. Mijina ya bi maza zuwa Kudu neman abin da za a ci, uwarsa kuma ta sa aka ɗora ni a amalanke har ƙauyenmu, can tsakanin Cadawa da Gazawa. Bazara ce, rana kamar ta faɗo. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Inna na tarar a gidan, sai Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ke ɗakin gabas, kuma ita ce ungozomar unguwarmu.

Ni ce ƴar farin Inna, saboda haka ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Ke" take ce mini, idanunta a wani wuri.

Kwana biyu da zuwana Gwaggo ta zo ta zauna bakin murhu, ta fara lissafa kayan jego kamar yadda ta saba yi wa kowace mai ciki. Ƙafafun sa na kauri, zuma, man shanu, dakakken yaji, sabon zane da sabuwar tabarma, sabulu, babbar tukunyar wanka, rigunan jariri. Inna tana tsintar tsakuwa a cikin dussa, ba ta ɗago ba.

"Yaya," ta ce, "sabon zanen nan, yana zama nono?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Tambaya nake. Tabarmar fa? Rigunan fa?"

Gwaggo ta ce haihuwar fari ce, dangin miji za su zo barka, me za a nuna musu? Inna ta ce in Allah ya yarda za a nuna musu jariri mai rai. Gwaggo ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta tafi, ranar ba ta sake leƙo mu ba.

Ranar kasuwar Cadawa Inna ta sauke kwanonin jerenta, waɗanda ta shigo gidan mahaifina da su. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin an ci abinci a cikinsu ba, gogewa kawai ake yi a maida. Ta ɗaure su a tsumma, ta aza a ka, ta fita da sassafe a ƙasa. Sai bayan la'asar ta dawo, leɓunanta sun yi fari. Ta kwance ƙullin a gabana: gero tiya huɗu, dunƙulen jar kanwa, da ɗan ƙullin citta da kimba wanda bai cika tafin hannu ba. Shi ke nan.

Daga baya wata maƙwabciya da suka tafi tare ta gaya mini Inna ta daɗe tsaye gaban mai nama. Nama kam ya yi arha a shekarar, don dabbobi suna mutuwa, masu su na yankawa kafin su faɗi. Ta ɗauki ƙafar sa ta jinjina, ta ajiye, ta ce wannan kwana biyu ne, gero kuwa kullum ne.

Sauran kayan daga cikin gida suka fito. Tsohon zanenta mai laushi ta yaga gida uku: majanyi, na shimfiɗa wa jariri, da na tare nono in ya zubo. Ta wanke ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya ta rataye, ta ce nawa ne, kada kowa ya taɓa. Geron ta zuba a tulu, ta rufe bakin da kasko, ta shafe shi da laka.

Ranar Talata da hantsi na haihu, ɗiya mace, ƴar ƙarama kamar ɗan tsako, amma muryarta ta cika ɗakin. Gwaggo ce ta yanke cibi, fushinta ya tafi tun naƙuda ta fara.

Akwai wata Bafillatana da ta sauka bayan gari da ƴaƴanta biyu. Shanunsu sun ƙare a hanya, mijin ya wuce gaba da ƴan biyun da suka rage. Daka take yi wa mutane a ba ta dussa, wani lokaci ta ɗebo ruwa. Ranar ta kawo mana tulu daga rijiya, ta tarar Gwaggo tana shirin matse mini dakashi, ruwan nonon farko mai kauri, a zubar. Haka aka saba: sai an kwana biyu ko uku ana ba jariri ruwa da nonon akuya kafin a sa shi a mama.

Bafillatanar ta ajiye tulun, ta tsaya a bakin ƙofa. Hausarta a karye take, amma mun ji ta sarai.

"Gwaggo, kar a zubar. Ɗan maraƙi bai sha na farko ba, ba ya tashi. Ni na gani, na gani da yawa."

Gwaggo ta ce mutum ba maraƙi ba ne. Sai Inna ta ce, "Yaya, ina akuyar da za mu tatsa?" Babu akuya mai nono a duk unguwar, Gwaggo ta fi kowa sani. Ta kalli jaririyar, ta kalli Bafillatanar, sai ta yi bisimilla ta ɗora mini ita a ƙirji da hannunta.

Wankan jego ma sai da aka rage shi. Itace bai yi wuya ba, itatuwa sun mutu tsaye ko'ina. Ruwa ne abin nema, rijiyar ta yi ƙasa har sai an jira ta tara. Maimakon safe da yamma, sau ɗaya nake yi, da rabin tulu. Amma kunun kanwa bai taɓa fashi ba. Inna takan fasa lakar tulun geron, ta ɗebi abin da za ta ɗiba, ta sake shafewa. Safe ƙwarya, yamma ƙwarya.

A kwana na biyar kan nonona ya tsage. In ɗiyar ta kama sai in cije zane, hawaye na zuba. Bafillatanar ta gani. Washegari ta zo da wata ƴar ƙaramar duma, ƙasanta akwai ɗan man shanu da ya daskare, bai kai cikin cokali biyu ba. Ta ce na saniyarta ne ta ƙarshe, ta ɓoye shi ne ba ta san don me ba. Inna ta ɗebi gero za ta ba ta, Bafillatanar ta ja da baya ta ɓoye hannuwanta, ta ce, "Na jariri ne." Da ɗan yatsa nake lakata in shafa bayan kowace shayarwa, har wurin ya warke.

Mun yi kwana ashirin da wani abu, ɗiyar ta fara kumatu. Wata rana da azahar na zagaya bayan ɗaki shanya tsumma, sai na tarar da Inna a tsugune a inuwar rumbu. Anza take ci, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Gefenta ga tukunyar kununa, ta zuba ruwa ta ɗauraye, shi take korawa da shi. Na ga wuyan hannunta ya rame kamar kara. Ban san yaushe ya zama haka ba.

Kullum takan ce mini ta ci a ɗakin Gwaggo. Ashe ita kuma Gwaggo, Inna ce mata take ta ci tare da ni.

Da yamma ta kawo ƙwaryar, na juya mata baya. Na ce ba zan sha ba sai mun raba.

"Ke," ta ce, "karɓi."

"Inna, kina so in sha ki mutu?"

"Ba ke nake ba wa ba. Jaririyar can nake ba wa. In kin ƙi sha, ita kika hana."

Na ƙi. Ta tsaya riƙe da ƙwaryar. Gwaggo ta jiyo mu ta shigo, na gaya mata abin da na gani. Ta daɗe tana kallon Inna, sannan ta karɓi ƙwaryar ta zauna tsakaninmu. Ta cika ludayi ta miƙa wa Inna.

"Ni ce babba a gidan nan. Sha uku, sauran nata. In kin faɗi, wa zai dama mata gobe? Ni da gwiwoyin nan?"

Inna ta sha, fuskarta a bango. Ni ma na sha ina kuka. Daga ranar Gwaggo ce ke riƙe ludayin safe da yamma, ba ta tashi sai ta ga ukun nan sun wuce.

Geron ya ƙare saura kwana shida in yi arba'in. Kwana biyu muka yi a kan dussa da ganyen jiga, nonona ya ragu har ɗiyar takan saki ta yi ta kuka. A rana ta uku labari ya zo an kawo jar dawa ta taimako Cadawa. Gwaggo da kanta ta hau jakin maƙwabta ta je ta bi layi, ta dawo da rabonmu. Kunun jar dawa ba shi da daɗi, amma nono ya dawo.

Ruwan farko ya sauka bayan arba'in da mako guda. Da ƙasa ta fara tsiro, Bafillatanar ta ɗaure kayanta ta yi arewa neman mijinta. Ta zo ta yi mana sallama, ta ɗauki ɗiyar ta shinshina kanta. Ban sake jin labarinta ba.

Mijina ya dawo don shuka, ya zo ɗaukata. Inna ta ce ita za ta goya ɗiyar ta raka mu. Ba mu kai bakin gonaki ba numfashinta ya fara sama, ta tsaya ta kwance majanyin ta miƙo mini ita. Ta ce in riƙa shan ruwa kafin in ba da nono, kuma kada in yi saurin yaye. Sannan ta juya ta koma a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Ta ƙara shekara bakwai a duniya, amma jikinta bai sake komawa yadda yake ba.