Bokitan Inna Mero

Hadi mutumin Funtuwa ne, irin mutanen nan da ba sa ajiye takarda sai sun karance ta tas, har ƙananan rubutun da kowa ke tsallakewa. Wannan hali ne ya sama masa aikin duba takardun kwantena a wani sito a Jebel Ali, tashar jiragen ruwan Dubai, a 2016. Ba marowaci ba ne, a yi masa adalci. Sai dai ba ya iya ganin abu ya yi shiru, kuma abin da ya ja masa ke nan.

Da ya yi aure ya kawo matarsa Ummulkhair wani ɗan gida a hawa na uku a unguwar Al Qusais. A 2019 ta haihu, mahaifiyarta Inna Mero ta taso daga gida don ta yi mata wankan jego. Tsohuwar ba ta wasa da al'ada. Safe da yamma sai ta tafasa ruwa a manyan tukwane, ta tsinko ganyen darbejiyar da ke bakin titi, ta gasa 'yarta da kyau. Ga wankin kayan jaririya, ga kunun kanwa. Famfon gidan bai ƙara hutawa ba.

Da takardar wuta da ruwa ta zo, Hadi ya bi ta layi-layi. A Dubai, bayan kuɗin ruwa akwai na kwata, wanda hukumar birni ke karɓa. Ba wanda ke auna ƙazamin ruwan da ya fita daga gida. Mitar da ke ƙirga wanda ya shigo ake dubawa a yanka wa mutum kuɗin kwatar. Hadi ya san haka sarai, amma baki shi ke yanka wuya. Daga falo ya ɗaga murya ya ce wa matarsa:

"Kin ga garin nan? Ka sayi ruwa ka biya, ka zubar a kwata ka sake biya. Wannan watan kam salary ya ji jiki."

Ya faɗa ya manta. Inna Mero tana kicin, ita ba ta manta ba.

Wata Laraba ya taso aiki da wuri, ya tarar lifta ta cika, ya bi matakala. A hawa na biyu ya iske surukarsa zaune tana haki, hannu ɗaya dafe da ƙugu. A gabanta bokiti biyu ne cike da ruwan wanka, ganye na yawo a kai.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, lafiya? Ina za ki da ruwa?"

Ta kawar da kai don kunyar suruki. "Ba komai, Malam. Gindin darbejiyar can nake kai wa. Tunda an ce na kwata ma kuɗi ne, ai gara ƙasa ta shanye. Mu a gida ma tsakar gida muke watsawa."

Hadi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A ɗaki Ummulkhair ta faɗa masa sauran: kwana goma sha uku ke nan Inna na tare ruwan a baho, ta sauke shi sahu huɗu a rana, a ƙafa, don tana tsoron lifta. Ta kuma hana a gaya masa.

"Ai ba ya rage ko sisi," in ji Hadi, murya ƙasa-ƙasa wannan karon. "Wanda ya shigo ake ƙirgawa."

Ta ce, "To, khalas, shi ke nan, je ka faɗa mata."

Ya je har ƙofar kicin ya dawo. Da wane baki zai gaya wa uwar matarsa cewa ta karya bayanta a banza, kuma a kan maganarsa? Sai ya ɗauki bokitan. Kwana goma sha biyun da suka rage a yi arba'in, shi ya riƙa sauke ruwan, kafin motar aiki ta zo da bayan ya dawo. Maƙwabcinsu Rabiou, ɗan Nijar, ya riƙa tsokanarsa: "Patron, oga, dakon ruwa ka koma yi?" Hadi ya yi yaƙe kawai. Ya san aikin banza yake yi, amma nauyin bokitin ya fi masa sauƙi a kan na zuciyarsa.

Ciwon bayan Inna bai warke ba. Ranar komawarta, a keken guragu aka tura ta cikin filin jirgi. Takardar sabon wata tana aljihunsa, kuɗin kwatar ma ya ɗara na baya. Daf da za a wuce da ita ta yafito shi, ta tambaya ba tare da ta dube shi ba:

"Malam, ya dai ragu ko?"

"Ya ragu sosai, Inna."

"Alhamdu lillahi. Dama tsorona in zo in zame muku nauyi."

Yanzu a zaune Inna Mero take salla. Duk wadda ta zo duba ta sai ta ba ta labarin dabarar da ta yi a Dubai ta rage wa surukinta kuɗin kwata, tana faɗa tana dariya. Labarin yakan dawo kunnen Hadi ta waya. Mutumin da ba ya ganin kuskure a takarda ya bar shi, wannan ɗaya har yau bai iya gyarawa ba.