Sarƙar Keken Baba

Mahaifinmu wankin hula yake yi, kuma da kansa yake kai wa masu su a kan keke, daga gidanmu a Koki har Gwale. Shekarar da giyar keken ta lalace, mai gyara ya cire ta gaba ɗaya, ya bar masa gudu ɗaya. Tun daga ranar sarƙa ta yi sako-sako.

Baba ba ya wuce majalisar dattawa a kan keke. Sai ya sauka, ya gaisa, ya tura kaɗan, sannan ya hau. Wajen hawan nan ne, da ya danna feda da ƙarfi, sarƙar take zamewa. Rannan ta kayar da shi a gaban mutane, huluna suka watse a bakin kwata. Babban yayanmu ya ce in aka ƙara, zai kulle keken a ɗaki, Baba ya zauna a gida ya huta. Ranar Baba ko tuwo bai taɓa ba.

Ni na raka shi wurin mai gyaran a Ƙofar Nassarawa. Mutumin ya duba ya ce, "Baba, irin wannan keken ba a iya jan tayarsa baya don sarƙa ta ɗame. Ko dai in maƙala wa sarƙar ɗan ƙarfe mai sifirin ya riƙa tokare ta, ko in cire gaɓa ɗaya. In na cire fa za ta ɗame tam, ƙafa za ta ji jiki."

"Da mai sifirin ɗin, tana iya zamewa?"

"Wani sa'in, in an faɗa rami."

"Cire gaɓar."

Na ce, "Haba Baba, gwiwarka fa?" Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce gwiwar tasa ce. Raina ya ɓaci, har yau kuma ina jin haushin taurin kan nan, duk da cewa ni ma shi na gado.

Sarƙa ba ta ƙara zamewa ba. Sai dai Baba ya fara daɗewa a hanya, in ya dawo kuma a zaune yake sallah.

Wata rana bayan la'asar na hango shi a wani lungu a Gwale, yana tura keken, yana ɗingishi, huluna ɗaure a baya. Da ya kusa kwanar da dattawa ke zama sai ya tsaya, ya share gumi, ya cije leɓe ya hau. Ya taka kaɗan, ya sha kwana, ya sauka a gabansu da fara'a, ya gaisa kamar yadda ya saba. Na laɓe a zauren mutane don kada ya gan ni.

Da na koma gida yayanmu ya tambaye ni, "Sarƙar nan ta ƙara zamewa kuwa?"

Na ce, "Ba ta ƙara ba, Yaya."