Itacen Wurin Alwala

Inna ba ta taɓa son Lome ba. Gumi take yi tana tsaki, tana cewa garin da damina ke zuwa sau biyu a shekara ba shi da tsari. Abu ɗaya take roƙo: a kai ta Nijar ta ga mahaifiyarta kafin tsohuwar ta cika.

Baba direban kamiyo ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa. Wata dawowa ya zo mata da karya, itacen dajin nan mai kumburarren gindi da jan fure. Ya dasa shi a tsakar gidanmu na Zongo, daidai inda ake alwala.

"Ranar da ya yi fure, hanya ta bushe ke nan," in ji shi. "Sai ki ɗaura kaya."

"Allah Ya nuna mana, Alhaji," in ji Inna.

Daga nan ta mai da itacen ɗan gata. Kowa ya ɗauki buta, can za ta tura shi. Baba kuwa, in yana gari, har sauran ruwan butarsa yake juye masa. Ga ruwan sama, ga raɓar teku. Itacen ya yi ganye shar, ya yi ƙiba kamar ɗan kasuwa, fure ko ɗaya babu. Shekara ta bi shekara. Aka aiko tsohuwa ta rasu. Inna ta yi kukanta, ta ci gaba da ba shi ruwa, wai ko kabari ta gani.

Inna ma ta rasu, a Lome muka binne ta. Gida ya watse, aka daina alwala a wurin. Rani ya yi tsanani, ganye ya zube, sai ga fure ja wur a kan reshe tsirara.

Na kira Baba ya gani. Ya dube shi sama-sama.

"Ai sai ya sha ƙishi da zafin rana yake fure," ya ce. "Ko yaran makiyaya sun san wannan."

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na dubi butar da ke hannunsa na ce, "Baba, kai ma ka sani?"

Ya ce lokacin salla na wucewa.