Alaramma Ya Zauna A Dararmu

Jama'a, har yanzu mamaki nake!

Bayan la'asar muna dara a ƙofar shagon Bala tela, nan Mandawari. Sai ga Alaramma, sabon limamin da ya tare a layinmu, ya nufo mu. Na ce a raina shi ke nan, yau za a tashe mu, gobe a yi huɗuba a kanmu. Na yi sauri na rufe gurabun da babbar rigata.

Ya yi sallama. Ya ce, "Ana sa kuɗi?"

Muka ce a'a.

"Ana rasa jam'i?"

Na ce, "Wallahi Malam, ana kiran salla muke tashi."

Sai ya cire takalmi ya zauna! Ya ce, "Tunda maiɗakina ta rasu, ba mai zuwa wurina sai mai neman fatawa. Ku kasa da ni."

Na janye rigar.

Aka fara. Ni ina ta yi wa Bala ido, don kun san bakinsa. Ai kuwa yana cin ɗa ɗaya ya manta da wa yake, ya daka tsawa: "Tashi, ɗan koyo! Nan ba allo ba ne!"

Innalillahi! Na fara ba da haƙuri.

Alaramma ya ɗaga min hannu. Idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce, "Ƙyale shi, Malam Sabo. Marigayiya ce kaɗai ke yi min irin wannan."

Ya gyara zama, ya ce, "Bala, sake kasawa."