Kwaɗon katako a ƙofar Baba tela

Yau na kai allon shago Sabon Gari, sai na ga kwaɗon da na sassaƙa da katako rataye a ƙofar wani dattijon tela. Sati biyu ke nan da na musanya masa da nasa na ƙarfe don tsokana, na manta. Kekunan ɗinkinsa suna ciki.

Na same shi wajen mai shayi. Na ce, "Baba, kwaɗon nan fa katako ne."

Ya ce, "Ja'iri, tun ranar na gane. Nawa ma ya daɗe ba ya kulluwa. Naka ya fi ban tsoro, sassaƙo mini na ƙofar baya."

Layin dai ba zan faɗa ba, ɓarayi ma suna da waya. In sassaƙa, ko in gaya wa 'ya'yansa?